Idanun da Labaran Ya Yaba

Bari in fara gaya muku gaskiya, ni Hansai ban taɓa zama mai kunya ba. Duk wanda ya san ni a kwatas ɗin ma'aikata na Doka zai ba da shaida. Tun ina ƙarama Inna take cewa idona a tsakar kaina yake. In babba yana magana sai in ƙura masa ido har ya manta abin da zai faɗa, baƙo kuwa bai taɓa shiga gidanmu ya fita ban ƙare masa kallo daga hula har takalmi ba. To ku riƙe wannan da kyau, don yau zan ba ku labarin yadda na zama yarinyar da ta fi kowa kunya a garin Kaduna, ni kuma ban san na zama ba.

A shekarar 1976 ne. Ina aikin buga keken rubutu a wata ma'aikatar gwamnati, inda Baba yake babban akawu. Da safe ba wadda ta kai ni sauri a ofis ɗinmu. Amma da azahar ta gota sai fatar idona ta fara nauyi, musamman ta hagu, layin rubutu ɗaya ya rabu gida biyu, wani a kan wani. Sai in tallafe goshi in ɗan ɗaga fatar da yatsa in ci gaba. Na ɗauka gajiya ce. Wa zai kawo ciwo a ransa yana ɗan shekara ashirin, ga albashi ga takalmi mai tudu?

A irin wannan yanayin na shiga Babbar Kasuwa wata Laraba bayan an tashi aiki, zan sayi atamfa. Shagon da na tsaya na wani saurayi ne dogo, sanye da farin kaftani da hula zanna. Na so in dube shi irin kallon da na saba yi wa mutane, idon ya ƙi. Sai na tsaya ina nuna atamfa da yatsa, fatar idona a ƙasa, ina magana a hankali don duk na gaji.

Bawan Allah nan ya sauko da kusan rabin shagon.

"Wannan fa? Ko wannan mai ganye? Ranki ya daɗe, ko sau ɗaya ki ɗago mana."

A raina na ce, malam, da zan iya ɗagowa da tuni na ƙirga maka haƙora. A fili kuwa murmushi kawai na yi. Ashe da wannan murmushin na gama da shi.

Sunansa Labaran, ɗan Badarawa, gidansu duk 'yan kasuwa ne. Mahaifiyarsa ta rasu yana goye, ƙanwar babansa Gwaggo Asabe ce ta raine shi, kuma maganarta ce magana a kan aurensa. Kafin mako ya zagayo ya gano gidanmu, ya aiko aka nemi izini wurin Baba, ya fara zuwa zance.

Ku 'yan matan yanzu da kuke kwana kuna danna waya, bari in gaya muku yadda namu saƙon yake. Saurayi kati yake saya ya aika gidan rediyo, ranar Lahadi a karanta gaisuwarsa duk Arewa tana ji. Ina tsakar gida ina wanki na ji mai gabatarwa yana cewa, "Daga Labaran mai atamfa, zuwa ga Hansai ta Doka, mai lumsassun idanu, mai kunyar da babu irinta." Wayyo Allah! Na saki zanin da ke hannuna na ruga ɗaki na faɗa kan gado ina shure-shure. Daɗi kamar ya kashe ni. Inna kuwa ta leƙo tana riƙe da haɓa.

"Wace Hansan? Tawa? Mai kunya? Lallai rediyon nan ya fara ƙarya."

Amma ita ma ba a daɗe ba ta gaskata. Labaran ba ya zuwa sai bayan la'asar, idan ya rufe shago. Da na ji ƙarar Vespa ɗinsa a bakin layi sai in zura doguwar riga, in kafa ɗauri, in zizara kwalli, in shafa turare, in fito baranda. Daidai lokacin kuma idanuna sun gama aikinsu na ranar. In zauna a gefen tabarma, fatar ido a ƙasa, shi yana ta zuba labari. Inna tana leƙe ta bayan labule tana hamdala, wai so ya gyara mata yarinya.

Wata rana na kawo masa lemo a kofin tangaran. Da na ɗago sai na ga Labaran biyu zaune, hula biyu, murmushi biyu. Na zaɓi na dama na miƙa masa. Ashe na hagu ne na gaske. Kofin ya faɗi ya tarwatse, lemo ya wanke masa ƙafar wando.

Na tsorata ƙwarai. Shi kuwa gogan naku dariya ya yi har da dafe ƙirji.

"Subhanallahi, Hansai, har yanzu kunyata kike ji haka? Har hannunki rawa yake yi. Wallahi idanun nan naki su ne suka hana ni barci. Don Allah kada ki taɓa canza su."

Ku gaya min, wace budurwa ce za a faɗa wa haka ta ce a'a, malam, mutum biyu nake gani? Na durƙusa na kwashe fasassun tangaran. Ina son Labaran, so na gaske, irin wanda in na tuna shi a ofis sai in buga harafi ɗaya sau uku.

Da maganar kawo kayan gaisuwa ta taso, Gwaggo Asabe ta ce ita ba ta sayen atamfa a naɗe, sai ta zo ta ga yarinyar da idonta. Ba ta aiko ba, ba ta sa rana ba. Wata Asabar da hantsi kawai ta yi sallama.

Kun tuna na ce da safe lafiyata lau? To ta same ni a tsakar gida, zani ɗaure a ƙirji, idanu tar a buɗe, ina ciniki da mai tallan nono ina ce mata ta ji tsoron Allah, wannan ruwa ne aka ɗiga wa nono. Ina dariya har ana jiyo ni a layi na biyu. Da na ga baƙuwa na durƙusa na gaishe ta, amma fa irin gaisuwata, ido cikin ido. Na ƙare wa mayafinta da awarwaronta kallo tsaf.

Ta dubi Inna. "Ina ita Hansan take?"

"Ai ga ta nan, Hajiya."

"Wannan?" Ta sake dubana. "To. Madalla."

Ko ruwan da aka kawo mata ba ta sha ba. Ta koma Badarawa ta ce wa Labaran an yi masa wasa da hankali, yarinya fuska biyu gare ta, ta safe daban ta zance daban. Ya rantse, ya yi magiya, ya ce ta koma da yamma ta gani. Ta yarda don tana sonsa.

Ranar da ta dawo ranar aiki ce, na yini ina buga takardu. Inna ta sa na ci ado da leshi ruwan hoda, ta ja min kunne. Lokacin da na shiga falo idon hagu ya rufe ruf, na dama saura ɗan siriri. Gwaggo tana zaune kan kujera, ni ina ƙasa. Ta yi min tambaya, na ga rashin ladabi ne in amsa ban ko san inda fuskarta take ba, sai na ɗaga haɓa sama na kwantar da kai baya don in hango ta ta ƙarƙashin fatar. Ku kwatanta abin a ranku: yarinya ta ɗaga hanci sama, ta kanne ido ɗaya, tana duban surukarta ta wutsiyar ɗayan.

Gwaggo ta miƙe tsaye tana gyara mayafi.

"Ni za ki kanne wa ido? Ni Asabe? Hajiya, ko dai 'yarki ta raina mutane, ko kuma akwai abin da ke kanta. Ko wanne ne, a dakata da maganar kaya."

Na yi kuka ranar har muryata ta koma fita ta hanci. Inna ta ce bakin mutane ne, wa ya aiki Labaran ya kai idon 'yarta gidan rediyo duniya ta ji? Aka shiga turara min hayaƙi, aka karɓo rubutu na sha, aka ɗaura min laya a damtse. Kullum da safe Inna ta duba ta ce alhamdulillahi magani ya ci. Kullum da yamma ta ce abin ya dawo.

Allah ya kawo Yaya Larai. Ita ce babbar yayarmu, nas ce, tana aure a Zariya, ta zo mana kwana biyu. Muna cin tuwo da miyar kuɓewa bayan magariba na ga ta ajiye loma tana kallona.

"Ke, me ya sa kika ture naman gefe?"

"Muƙamuƙina ke gajiya, Yaya."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

Ta wanke hannu ta jawo ni gaban fitila. "Rufe idonki ki huta. Kada ki buɗe sai na ce." Na rufe, ta bar ni na ɗan jima. "Buɗe." Na buɗe, sai ga idanu sun ɗago kusan kamar na safe. Inna ta ce, "Kin gani ko, zuwa yake yana tafiya."

"Tsaya tukuna, Inna." Yaya ta ɗaga yatsanta sama da kaina. "Kalli nan. Kada ki ƙifta, kada ki ɗaga kai."

Na kafa wa yatsan ido. Ina ji ina gani fatar hagu ta fara zamewa a hankali, kamar labulen da igiyarsa ta saki, ta dama ta biyo ta. Yatsa ɗaya ya zama biyu.

"Nawa kike gani?"

"Biyu."

"Rufe ido ɗaya da hannu. Yanzu fa?"

"Ɗaya."

"In kina ɗaura ɗankwali hannuwanki suna sanyi?"

"Da yamma dai."

Ta juya wurin Inna. "Wannan ba kunya ba ce, ba raini ba ne, ba kuma bakin kowa ba ne. Na taɓa ganin irinsa a wurin wata mata da muka kwantar. Gobe da ni za a je asibiti, kuma da rana za mu je, lokacin da idon ya faɗi, don likita ya gani da kansa."

Abin da ya faru a asibitin nan har na mutu ba zan manta ba. Likita ya maimaita duk abin da Yaya ta yi, ya sa na matse masa yatsu, ya sa na yi ta ɗaga hannu ina saukewa. Sannan ya ce zai yi min wata allura a jijiya, in kalli agogon bango. Na kalla, agogo biyu ne dishi-dishi. Ya tura ruwan. Bakina ya cika da yawu, cikina ya ɗan murɗa. Kafin in ce wani abu sai na ji kamar an ɗauke min kaya daga goshi. Idanuna suka buɗe wal! Agogo ya haɗe ya zama ɗaya, har ina ganin ƙudan da ke kan gilashinsa.

Na daka tsalle daga kan gadon. "Yaya! Yaya, ke ɗaya ce! Wallahi ke ɗaya ce!"

Yaya tana dariya tana share hawaye. Bayan 'yan mintoci fatar ta sake sauka, amma likita ya ce ya ga abin da yake nema. Ya ce sunan ciwon mayasteniya. Wai jijiya tana aika wa naman jiki saƙo ya motsa, sai garkuwar jikin mutum, wadda aikinta yaƙar cuta, ta rikice ta tare hanyar saƙon. Shi ya sa naman yake saurin gajiya, in ya huta ya farfaɗo, kuma sau da yawa a ido yake fara nunawa. Ba a ɗaukarsa, ba kuma laifin kowa ba ne. Akwai ƙwayar da zan riƙa sha a kan lokaci in yi harkokina, amma ba a yi min alkawarin rabuwa da shi ba. Ya ce duk ranar da na ji haɗiya ko numfashi yana yi min wuya, a kawo ni ko da tsakar dare ne.

Yaya ta ce, "Likita, aure za ta yi."

Ya ajiye biro. Ya ce masu irinsa suna aure suna haihuwa, amma ciki da jego sukan tayar da ciwon, wani lokaci sosai, don haka ba haihuwar gida, kuma dole mijin ya sani. Wannan maganar ita ce ta bi ni har gida ta zauna min a ƙirji.

Ƙwayar ta karɓe ni. Cikin 'yan kwanaki ina tashi aiki idona a buɗe, ina cin nama kamar kura. Sai Labaran ya aiko cewa zai zo ranar Alhamis, zuwansa na farko tun abin da ya faru da Gwaggo.

Inna ta same ni a ɗaki da kwalbar magani a hannu. Ta rufo ƙofa.

"Hansai, maganin la'asar ɗin nan, ki ɗan jinkirta shi har ya tafi."

"Inna!"

"Saurara. Yaron nan idon da ya gani shi ya so. Ki fita masa da waɗannan fitilun mota, ki kuma ce masa ciwo gare ki? Danginsa 'yan kasuwa ne, ba sa ɗaukar kaya mai tabo. Ki bari a ɗaura, in ya so daga baya a san yadda za a yi."

Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Ni ma tsoron nake ji. Na zauna ina juya ƙwayar nan a tafin hannu, 'yar ƙarama fara. In na ajiye ta, Hansan da ake kira a rediyo za ta fita baranda. In na haɗiye, wadda ta yi faɗa da mai nono ce za ta fita, kuma ban san ko yana son wannan ba. Na ji ƙarar Vespa tun daga nesa. Na ce bismillah na jefa ta baki na kora da ruwa.

Na ɓata lokaci wurin shiri da gangan har maganin ya kama. Na sa atamfar da na saya a shagonsa ranar farko, na yi ɗauri mai tsayi, na cika kwalli. Na fito na zauna, ba a gefen tabarma ba, a gabansa. Na dube shi.

Jama'a, ashe Labaran kyakkyawa ne haka! Ashe yana da wushirya, ashe akwai ɗan tabo a girarsa. Wata da watanni ina son mutum, ban taɓa ganinsa shi kaɗai sosai ba sai ranar.

Shi kuwa ya fara magana ya sarƙe. Ya gyara hula. Ya dubi takalminsa. Mai surutun nan da ba ya gajiya, sai ga shi yana wasa da makullin Vespa, kansa a ƙasa.

"Labaran, ɗago mana. Ko sau ɗaya."

Ya ɗago da kyar. Na gaya masa. Na faɗi agogo biyu, na faɗi allura, na faɗi sunan ciwon da ƙwayar da zan yi ta sha. Na ce masa ranar kofin tangaran ba kunya ba ce, shi biyu na gani na miƙa wa wanda babu. Na ce masa ni ba mai kunya ba ce, ban taɓa zama ba, Gwaggo ba ta yi ƙarya ba, ta safen nan ita ce ni. Abu ɗaya ne harshena ya kasa ɗauka, maganar ciki da jego. Na kai bakinta na dawo.

Aka fara kiran sallar magariba daga masallacin layinmu. Da ya buɗe baki muryarsa ta dushe.

"Kenan duk watannin nan ciwo kike yi a gabana, ni kuma ina zaune ina cewa kyau ne? Har ina roƙonki kada ki canza?"

"Ai ba ka sani ba."

"Har rediyo na kai, Hansai."

Sai na ga hawaye a idonsa. Ya share da hannun riga, ya dube ni sosai, wannan karon bai kauda kai ba.

"Waɗannan ɗin ma a bar min su. Sai dai ki riƙa yi min rangwame, kallon naki yana da nauyi."

Na tuntsire da dariya irin tawa ta gaske, wadda ake ji a layi na biyu. Na ji motsin Inna a bayan labule tana jan hanci.

Ranar Asabar da hantsi ina shara na ji Vespa. Labaran bai taɓa zuwa da safe ba. Na leƙa, sai ga Gwaggo Asabe a bayansa, ta zauna a karkace, hannu ɗaya ya damƙe rigarsa, ɗayan rungume da ƙwarya an rufe da faifai. Ya tsaya a waje, ita ta shigo. Aka shimfiɗa mata tabarma, Inna da Yaya Larai, wadda ta ɗaga komawarta Zariya, suka zauna, ni na durƙusa can gefe na sunkuyar da kai iyakar iyawata.

Ta ajiye ƙwaryar a gabanta. Ƙamshin ɗanyen goro ya bugi hancina, zuciyata ta yi tsalle. Amma ba ta ɗauke hannunta daga kan faifan ba.

"Yarinya, bar wannan sunkuyon, ba naki ba ne. Ɗago ki kalle ni."

Na ɗago.

"Ya gaya min komai. Na zarge ki da raini, ashe lalura ce, Allah ya ba ki lafiya. Kin kuma faɗa da bakinki ba a tambaye ki ba, wannan ya yi min." Ta ɗan tsaya. "Amma uwar yaron nan wurin haihuwarsa ta samo ciwon da ya tafi da ita, a hannuna ta bar shi. Don haka tambaya ɗaya na zo da ita, na tambaye shi ya ce bai sani ba. Me likita ya ce game da haihuwa?"

Inna ta ɗan girgiza min kai, kaɗan yadda ni kaɗai zan gani. Ta ƙofar gida ina hango gefen farin kaftanin Labaran, ya matso yana saurare. Na yi addu'a a raina fatar idon nan ta sauko ta rufe ni ko na minti ɗaya, amma safiya ce, kuma na sha magani. Idanuna biyu a buɗe suke tar, hannun Gwaggo yana kan faifai.

Na dube ta na ce, "Gwaggo, a ce wa Labaran ya shigo. Gara ya ji daga bakina."